Fentin katun na hannu da kwamfuta: me ke sa launi yoyo, kuma ina iyakar abin da na'ura za ta yi da kanta?

Mai_Fensir:

Assalamu alaikum, masana. Tambayata a kan shafa launi ce a katun ɗin da aka zana da fensir a takarda. Fim ne gajere na minti 3, kuma zane ɗaya firam biyu yake ci, wato zane 12 a kowace daƙiƙa mai firam 24. In aka buga lissafi, mutum ɗaya da ke motsi daga farko har ƙarshe zai ci zane 2,160. A kowane zane akwai wurare kusan 25 masu son launi daban: fuska, hannuwa, riga, hula, farin ido, da inuwar kowannensu. Danna bokitin fenti, wato abin cika launi na manhajar zane, sau 54,000 ke nan, a kan mutum ɗaya tak.

Abu uku ne suka tsaya min a wuya. Fentin yana tsiyaya daga riga ya cika shafin gaba ɗaya. In ma bai tsiyaya ba, sai wani farin zobe siriri ya rage tsakanin layi da launi. Sannan ina son sanin ko akwai manhajar da za a fenta mata zane na farko, ta ƙarasa sauran da kanta. Allah Ya saka da alheri.

Tsohuwar_Tawada:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Biyun farko duk daga wuri ɗaya suka fito, kuma tun kafin a ɗauki bokiti aka shuka su: a wajen zane da wajen sikanin.

Bokiti ba ya ganin riga, ba ya ganin hula. Abin da ya sani shi ne fiksel ɗin da ka danna, wato ɗaya daga cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoton kwamfuta, sai ya duba maƙwabtansa, duk wanda launinsa ya yi kusa da na farkon ya shafa masa, daga nan ya wuce gaba, har sai ya ci karo da bango. Kafa ɗaya mai faɗin fiksel guda ta ishe shi ficewa. A sikanin ɗigo 200 a inci, layin fensir mai kaurin rabin milimita yana zama kamar fiksel 4, kuma tazarar da ido ba ya ma lura da ita a takarda, kamar sulusin milimita, ta zama ƙofa mai fiksel biyu zuwa uku. Wuraren da aka fi samun ta sanannu ne: inda gashi ko hula ya haɗu da goshi, tsakanin yatsu, hammata, bakin wando, da duk inda mai zane ya ɗaga hannu ya sake ɗorawa. Saboda haka dokar farko ga masu fitar da zane a tsabtace ita ce kowane layi ya taɓa ɗan'uwansa, gara ma ya ɗan zarce shi kaɗan da a ce bai kai ba.

A wajen sikanin, ga abin da ke aiki. Takardar A4 a kwance, a ɗigo 200, tana ba da faɗin fiksel 2,339, wanda ya haura 1,920 da ake buƙata a fim mai inganci, don haka ya isa matuƙar kyamara ba za ta matso cikin zanen ba. In za ta matso, a ɗauka a 300. Kada a ajiye a JPG ko da wasa, domin yadda yake matse hoto yana watsa ƙananan ɗigogi masu toka-toka a gefen kowane layi, su ne bokiti ke tuntuɓe da su. PNG ko TIF. A kashe duk wani gyaran haske da sikana ke yi da kanta, don in ta gyara kowace takarda yadda ta ga dama, layin zane na 14 zai fi na 15 kauri, kuma a fim sai ka ga layin yana numfashi. A goge gilashin bayan kowace takarda ashirin ko talatin, musamman da hunturu. Garin fensir da ƙura kan zauna wuri ɗaya, sai ɗigo ɗaya ya bi zane ɗari.

Sai hudar takarda. Takardun nan ana jera su ne a kan sandar da ke da ƙusa uku, kuma hudojin nan uku su ne abin da kwamfuta ke daidaita zanuka da shi. A sa baƙar takarda a bayan wurin hudar don su fito baƙi ƙirin a hoton. In ba a daidaita ba, mutumin da ya kamata ya tsaya cak zai riƙa rawar ɗari, kuma duk wata dabarar fenti ta bai ɗaya za ta riƙa saɓa wurin.

Farin zoben kuma: gefen layi ba ya yankewa daga baƙi zuwa fari kai tsaye, akwai fiksel ɗaya ko biyu masu toka a tsakani. Bokiti yana tsayawa a bakin tokar, ita kuma tokar an gauraya ta ne da farin takarda, shi ne zoben da kake gani. Masu aikin katun na Japan sun daɗe da yanke wannan matsala daga tushe. Suna mayar da layin baƙi ko fari zalla, babu toka ko ɗaya, su yi fenti a haka da gefe mai kama da haƙoran zarto, sai a matakin haɗa hoto na ƙarshe a lallashe gefen. Manhajar RETAS ta kamfanin Celsys, wadda ta fito a 1993, a kan wannan tsari aka gina ta: TraceMan ta fitar da layi, PaintMan ta yi fenti. Don lallashewar kuma akwai OLM Smoother, da ake ɗorawa a manhajar haɗa hoto ta After Effects, kyauta ne. In za ka bi wannan hanya, ma'aunin haske daga 0 ne zuwa 255. Fara yankewa a 128, in layi yana tsinkewa ka ɗaga zuwa wajen 160 ko 170, in datti ya fara fitowa ka sauko. Lambar da ka tsayar, ita za ka riƙe a kan dukkan zanukan fitowa ɗaya, wato yanki guda na fim ɗin.

Uwar_Launi:

Malam ya gama magana a kan sikanin. Ni dai zan ce kafin ka sare tokar layinka, ka gwada OpenToonz, domin ta warware zoben ba tare da an lalata laushin fensir ba.

Asalinta Toonz ce, ta kamfanin Digital Video da ke Italiya, wadda kamfanin katun na Japan, Studio Ghibli, suka yi shekaru suna fenti da ita, aka sake ta kyauta a 2016. Sirrinta yana cikin yadda take ajiye zane a fayil ɗin TLV. Kowane fiksel ba launi yake riƙe da shi ba, abu uku yake riƙewa: lambar tawada, lambar fenti, da ma'aunin yawan tawadar a wannan wuri. To fiksel ɗin gefen layi, maimakon ya zama toka, sai ya zama "rabi tawada mai lamba 1, rabi fenti mai lamba 7". Fentin yana shiga har ƙarƙashin gefen layin, babu farin da zai rage.

Amfani na biyu ya ma fi wannan girma. Tunda lamba aka shafa ba launi ba, in an gama zane dubu biyu sai darakta ya ce rigar ta yi ja da yawa, gida ɗaya za ka canza a allon launuka, duk zanukan su canza nan take. Haka in fitowar dare ce: zanukan ba a taɓa su, allon ake sauyawa. Wannan shi ne aikin da na'ura ke yi da kanta na gaskiya da ya fi rage wahala, kuma mutane sun fi mantawa da shi.

Yadda aikin ke tafiya: zanukan da aka yi wa sikanin suna fara wucewa ta matakin da aka rubuta wa Cleanup. A nan ake kunna Autocenter ya nemo hudojin, a saita share ƙananan ɗigogi, a kuma zaɓi ko layin baƙi ne kaɗai ko da launuka. A kula da share ɗigogin nan, don in ka ɗaga shi da yawa zai haɗa da hudar hanci da ƙwayar idon mutumin da ke nesa ya share. Bayan nan a kunna Gap Check a ga kafofin, a bi su da kayan aikin Tape. Yana da saitin nisa da na kusurwa. Fara da ƙaramin nisa. In ka buɗe shi sosai zai ɗinke bakin da aka bari a buɗe da gangan, ko ya haɗa yatsu biyu.

Game da tambayarka ta uku, akwai rabin amsa a bokitin kansa. In ka kunna Frame Range, ka danna cikin riga a zane na 1, sannan ka je zane na 20 ka danna cikin rigar a inda ta koma, manhajar za ta ja hanya tsakanin wuraren biyu ta danna maka a kowane zane na tsakiya. Ba gane rigar ta yi ba, lissafin wuri kawai take yi. Saboda haka yana kyau a manyan wurare masu tafiya a miƙe, kamar gangar jiki da fuska, amma hannun da ke lilo a baka zai kuɓuce mata, fentin ya faɗi a bango ko a kan wando. Maganinsa shi ne a gajarta zangon: zane biyar-biyar ko shida-shida a inda motsi ya lanƙwasa.

Wata dabara mai rage danne-danne: a ja akwati a kan mutumin gaba ɗaya a cika shi da launin da ya fi yawa a jikinsa, a duk zanukan, sannan a bi ƙananan wurare. Kuma a yi aiki launi-launi, ba zane-zane ba. Ka gama fata a zane 40, ka dawo ka yi riga a zane 40. Hannu ya fi sauri, kuskure kuma ya fi fitowa fili.

Ɗan_Lissafi:

Ban ƙi abin da Malam da Malama suka faɗa ba, amma duk maganarsu ta ginu ne a kan layi mai tsabta, rufaffe. In salon fim ɗin layi ne mai gashi-gashi, wanda aka bar kafofinsa don kyau, rufe su ɗaya bayan ɗaya ya fi fentin kansa cin lokaci, kuma yana kashe zanen.

Don irin wannan aka yi LazyBrush, dabarar da Daniel Sýkora da abokan aikinsa suka fitar a 2009. Ita ba cika wuri take yi ba, iyaka take nema. Za ka yi ɗan jagwalgwalon ja a cikin riga, na ruwan ƙasa a fuska, sannan, wannan shi ne wanda ake yawan mantawa, ka yi wani a waje da ke nufin "nan babu launi". Lissafin sai ya nemi inda zai raba launukan da mafi ƙarancin asara: yankewa ta cikin baƙin layi araha ce, yankewa ta cikin farin fili tsada ce. In ya iso kafa, sai ya tsallaka ta gajeriyar hanya ya ci gaba. Kuma tunda iyakar ta tsakiyar duhun layin take bi, zobe ba ya samuwa. Manhajar TVPaint ta Faransa ta saka ta a shimfiɗar (layer) da ta kira CTG, Krita kuma tun fitowa ta 4.0 a 2018 tana da Colorize Mask mai irin wannan tunani.

Inda take kasawa ma daga lissafin ne. Tunda gajeriyar iyaka take so, in jagwalgwalonka ɗan ƙarami ne a cikin babban wuri mai kafofi da yawa, sai ta ga ya fi mata sauƙi ta zagaye jagwalgwalon kawai ta bar sauran. Dogayen wurare sirara, kamar igiya, sanda ko jelar dabba, sai an ja musu layin launi har ƙarshensu, in ba haka ba za ta yanke su a tsakiya. Kuma kafar da ta tsallaka ba lallai ta tsallake ta a wuri ɗaya a zane na gaba ba, sai gefen launin ya riƙa karkarwa. Manyan kafofi dai gara a rufe su da layin ɓoye a wata shimfiɗa daban, a bar mata ƙanana.

In kuma a Krita ko Clip Studio Paint kake da bokiti na yau da kullum: layi a shimfiɗar sama, fenti a ta ƙasa, a sa bokitin ya riƙa duban ta saman, a ba shi faɗaɗawa ta fiksel 1 ko 2 don ya shige ƙarƙashin layi. Fiye da kaurin layin kuwa zai leƙo ta ɗaya gefen.

Mai_Fensir:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. To manhajojin ƙirƙirarriyar basira fa, waɗanda ake cewa zane ɗaya za ka ba su? Sannan hular mutumin tana da aikin zare, ita ma a fenta ta gida-gida?

Ɗan_Lissafi:

Iri biyu ne, kuma kada ka haɗa su. Akwai masu ƙirƙiro hoto fiksel bayan fiksel. Suna ba da abu mai ɗaukar ido a zane guda, amma launin ba ya zama shafe ɗaya, yana ɗan sauyawa daga zane zuwa zane, wani lokaci su taɓa layin kansa, kuma ba su bar maka lambobin da za ka gyara daga baya. A fim ɗin da ake son ja ɗin riga ya zama ja ɗaya daga farko har ƙarshe, wannan ƙarin aiki ne.

Iri na biyu shi ne mai amfani a nan, kuma Cadmium na cikinsu. Suna fara yanka zanen gida-gida. Wata sananniyar dabarar yankan ita ce a ɗauka an saki ƙwallo a cikin zanen: duk inda ta iya zagayawa gida ɗaya ne, kuma ba ta iya fita ta kafar da ta fi ta ƙanƙanta. Sai a sake sakin ƙaramar ƙwallo don lungunan da babbar ba ta shiga ba. Bayan yankan, sai a nemi wane gida a zane na 2 ne ya dace da wane a zane na 1, ta siffa, girma, wuri da kuma su wa ke maƙwabtaka da shi, a kwafo masa launinsa.

Daga nan za ka iya hango inda za su yi tuntuɓe. Hannu ya gitta ta gaban riga, rigar da take gida ɗaya ta zama biyu. Mutum ya juya, kunnen da ba ya cikin zanen farko ya ɓullo, babu inda za a kwafo launinsa. Ya buɗe baki, ga haƙora da harshe. Ƙananan gidaje masu kama da juna, farin ido, haƙori, maɓalli, tazarar da ke tsakanin yatsu wadda ya kamata ta zama fanko, su ne aka fi musanyawa. Mafi muni kuma, in manhajar tana kwafa daga zanen da ta fenta da kanta, kuskuren zane na 6 zai bi na 7 har na 30.

Don haka kar ka ba ta zane ɗaya. Fenta manyan zanukan da hannu, wato duk inda jiki ya juya ko sabon abu ya bayyana, ka bar mata na tsakiya. A motsi mai natsuwa, kamar mutum na magana daga kafaɗa zuwa sama, za ta ɗauke maka mafi yawan aikin. A gudu ko faɗa, lokacin da za ka ɓata wajen farautar kurakuranta zai iya kai na fentin hannu. Auna da kanka: ɗauki fitowa ɗaya mai zane 24, ka yi ta da hannu da agogo a gefe, ka sake yi da manhajar har da gyara, ka gwada.

Uwar_Launi:

Hular kam kada ka soma. Aikin zare mai gida talatin a zane 2,160 ba abin da za a gama ba ne, kuma ko an gama zai riƙa tafasa a ido, don babu hannun da zai maimaita ƙananan gidaje daidai sau biyu. A rage adon ya koma siffa uku ko huɗu manya tun a takardar samfurin mutumin. In dole sai cikakken adon, a fenta hular da launi ɗaya, a zana adon sau ɗaya daban, a ɗora shi a matakin haɗa hoto yana bin motsin kai. Wannan yana tafiya muddin kan bai juya sosai ba.

Dubawa kuma matakai biyu ne. A sa baƙin bango a bayan zanen, OpenToonz tana da Black BG Check don haka, duk fiksel ɗin da bokiti ya tsallake zai fito, musamman a ƙarshen gashi da kusurwoyi masu tsini. Farin ido da haƙora a ba su farin fenti na gaske mai lambarsa. In an bar su fanko, a kan farar takarda ba za ka gane ba, sai an ɗora bango ka ga bishiya ta cikin idon mutum. Sannan a kunna fitowar a cikakken gudu ana maimaitawa. Gidan da ya ɗauki launin da ba nasa ba a zane ɗaya tak ba ya ganuwa in kana bi ɗaya-ɗaya, amma a gudu yana ƙiftawa kamar walƙiya.

Tsohuwar_Tawada:

Saura inuwa, tunda ka lissafa ta cikin gidajenka 25. Kada a zana iyakarta da baƙin fensir. A Japan al'adar ita ce shuɗin fensir ga iyakar inuwa, ja ga iyakar haske, kuma akan ɗan shafa launi a bayan takardar don mai fenti ya san wane gefe ne inuwar. Waɗannan layuka bango ne ga bokiti, amma ba a son su fito a fim, don haka fentin ne ke haɗiye su. A OpenToonz sai ka yi sikanin mai launi, ka sa Cleanup ya gane shuɗi da ja daban da baƙi, sannan a allon launuka ka kunna wa waɗannan biyun Autopaint. Da ka cika gidan da ke jikin shuɗin layin, layin zai rikiɗe ya ɗauki launin gidan.

Tsarin cikawar yana da muhimmanci: layin yana ɗaukar launin da ya taɓa shi a ƙarshe ne. In a wani zane inuwa ce ta ci layin, a na gaba kuma hasken fata ya ci, iyakar za ta riƙa tsalle da kaurin layi guda. Tsayar da doka ɗaya, misali launin fili tukuna, inuwa daga baya, kuma kowa a cikinku ya bi ta. Fensirin ma a zaɓi shuɗi mai ƙarfi. Mai haske sosai ɗin nan da ake yin zanen farko da shi an yi shi ne don ya ɓace a sikanin, zai bar maka iyaka tsinke-tsinke. In kuma da shuɗi kuke yin zanen farko a takarda ɗaya, to ku mayar da inuwa kore, don kada manhajar ta ɗauki tarkacen zanen farko a matsayin iyaka.